Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimana, Mai Garun Birni

A cikin jerin sarakunan da suka gaji Malam, wanda ya kafa gidan sarautar Damagaram wajen shekarar 1731, babu wanda sunansa ya kai nesa kamar na Tanimun ɗan Sulaimana, wanda ake yi wa laƙabi da Baƙi Jatau. Sau biyu ya hau gadon sarauta. Hawan farko bai daɗe ba, daga 1841 zuwa 1843. Na biyu kuwa ya kai shekara 33, tun daga 1851 har ranar da Allah ya karɓi abinsa a 1884. Fadawan Shehun Barno sun san shi da taurin kai, fataken Tarabulus sun san shi da tsare hanya, garuruwan da ya ci da yaƙi kuma sun san zafin hannunsa. Amma mutanen Zinder, da zarar an ambaci sunansa, garu suke fara tunawa, wato babbar ganuwar ƙasa da ya kewaye Birni da ita, wadda har yanzu ake ganin guntayenta a wasu gefuna na tsohon gari.

Asalinsa da zamanin da ya tashi a ciki

Gidan sarautar Damagaram daga Barno ya samo asali, kuma sarakunan farko ba su zauna wuri guda ba. Sun yi ta sauya mazauni daga wannan ƙauye zuwa wancan, gwargwadon yadda yaƙi da fari da harin Abzinawa suka bari, har zuwa zamanin mahaifin Tanimun, Sarki Sulaimana ɗan Tintuma, wanda ya yi sarauta daga 1812 zuwa 1822. Shi ne ya tabbatar da fada a Zinder. Duk wanda ya san wurin ba zai yi mamakin wannan zaɓi ba: ga manyan duwatsu da suka tsaya kamar an jera su don tsaro, ga ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma hanyar ayari da ta sauko daga Agadas da Damargu ta nufi Kano, ta haɗu da wadda ta miƙe gabas zuwa Barno.

Tanimun ya buɗe ido ne a lokacin da ƙasar Hausa ke cikin girgiza. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, ya tumɓuke tsofaffin sarakunan Katsina da Daura da Kano da Gobir. Waɗanda suka tsira daga gidan Katsina da na Daura arewa suka yo, kuma a ƙasar Damagaram wasunsu suka fara samun mafaka kafin Katsinawa su kafa Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Daga can kudu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da sarakunan da ke ƙarƙashin tutarsa suna kafa ribaɗi a bakin iyaka, garuruwa masu ganuwa da ake zuba mayaƙa a cikinsu don tare hari. A wancan zamani garin da ba shi da ganuwa ba a lissafa shi cikin garuruwa, domin rana ɗaya ta isa a mai da shi kufai.

Damagaram ba ta shiga hannun masu jihadi ba. Ita tana bin Barno ne, tana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehu Laminu, bayan rasuwarsa a 1837 kuma wurin ɗansa Shehu Umaru. Wannan biyayya ba ta fatar baki ba ce kawai. Kukawa ce ke tabbatar da wanda zai yi sarauta a Zinder, kuma in ta ga dama ta tube shi.

Darasin da ya koya kafin ya zauna daram

Bayan Sulaimana, ɗansa Ibrahim ne ya hau, a 1822. Ibrahim jarumi ne, ya faɗaɗa ƙasa, kuma ya sha gwada ƙin kai gaisuwa Kukawa. Amma duk lokacin da ya gwada, amsa ɗaya yake samu: rundunar Barno ta taso, ta iso har ƙofar gari, ba abin da zai tsai da ita. A cikin wannan ja-in-ja ne Tanimun ya sami sarauta a 1841, a cikinta ne kuma ya rasa ta bayan shekara biyu kacal, wansa Ibrahim ya koma gado. Rigima ce tsakanin wa da ƙane, amma ba a Zinder ake yanke hukuncinta ba.

Wani abu da ya faru a 1846 ya nuna yadda al'amarin Damagaram ya riga ya zame wa Barno ƙaya. A shekarar nan mafi yawan mayaƙan Barno suna wajen Zinder, ƙarƙashin Abdurrahman ƙanen Shehu Umaru, sai Sarkin Wadai ya ga ƙofa a buɗe, ya afko daga gabas, ya ƙone Kukawa. A cikin wannan tarzoma ne tsohuwar sarautar Sefawa, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulkin Barno, ta ƙare ƙurmus. Tanimun yana kallon duk wannan daga gefe, ba shi da sarauta a hannu. Abu biyu ne a fili ga mai hankali: na ɗaya, Barno ba ta da ƙarfin da za ta yi yaƙi a gabas da yamma lokaci guda, na biyu, muddin rundunarta za ta iya shiga Zinder cikin kwana kaɗan, to Sarkin Damagaram hakimi ne kawai mai babban rawani. Abin da ake bukata shi ne a mai da Zinder garin da ba ya ciwuwa sai an yi watanni ana zaune a bakinsa, abin da Kukawa ba za ta iya jurewa ba alhali Wadai na bayanta.

Turawa biyu sun ratsa Zinder a daidai wannan tsakani, sun kuma bar bayanin abin da suka gani. James Richardson ɗan Ingila ya sauka a farkon 1851, a ƙarshen zamanin Ibrahim, ya yi ta mamakin tsananin hukuncin fada da yawan harin kama bayi. Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya iso a ƙarshen Disamba 1852 ya tashi a ƙarshen Janairu 1853. Ya ambaci duwatsun garin da ruwansa da gonakin taba da itatuwan dabino, ya kuma gane cewa Zinder ce ƙofar da kayan arewa ke bi su shiga ƙasar Sudan. Babban garun da ya sa aka san Birni bai riga ya tashi ba a lokacin.

Ginin garu

Da Tanimun ya koma gado a 1851, bai yi gaggawar sa ƙafar wando ɗaya da Kukawa ba. Ya ci gaba da aika gaisuwa, ya gyara fada, ya shiga tattara jama'a. Wajen 1855 zuwa 1856 aka ɗora babban aikin.

Matafiyin Faransa Fernand Foureau, wanda ya iso Zinder a watan Nuwamba 1899, shekara 15 bayan rasuwar Tanimun, ya tarar da garun a tsaye da ƙarfinsa. Bisa ga awon da ya bayar, tsayinsa ya kai mita 9 zuwa 10, kaurinsa a gindi mita 12 zuwa 14, yana tafiya yana sirancewa har zuwa ƙoli, kuma ƙofofi 7 ne a jikinsa. Ya kamata mai karatu ya dakata kaɗan a kan waɗannan alƙaluma. Mita 10 ya kai tsayin bene mai hawa uku. Kaurin gindin kuwa ya fi faɗin ɗakuna uku a jere. Kuma duk wannan da ƙasa aka yi shi, ba siminti, ba ƙarfe, ba keken ɗaukar kaya, sai kai da kwando da jaki.

Yadda ake irin wannan gini sananne ne a ƙasar Hausa, magina na gadonsa uba da ɗa. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa tare da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. In ya bushe sai a jera shi sahu-sahu, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a ɗora sahu a kan ɗanye, sai na ƙasa ya sha iska, shi ya sa aikin ba ya yiwuwa sai da rani, bayan an kai amfanin gona gida, kafin ruwan farko ya sauka. Ramukan da aka ɗebi ƙasa a cikinsu su ma ba su tafi a banza ba. Na waje sukan zama gwalalo, wanda doki ba ya iya tsallakewa, na ciki kuma su zama kududdufai masu riƙe ruwan damina, abin da gari ke matuƙar bukata ranar da aka rufe ƙofofi. Daga ciki akan bar badala, wato matakin da mayaƙa ke tsayawa a kai, ƙolin garun kuma a yi masa haƙora, yadda maharbi zai saki kibiya ko ya ɗana bindiga jikinsa na ɓoye.

Hikimar kaurin nan ita ce, ƙasa ba ta tsagewa kamar dutse. Harsashi in ya same ta nutsewa yake yi ya mutu a ciki. Mai son fasa irin wannan garu sai dai ya yi ta haƙa a gindinsa alhali ana zubo masa kibau daga sama, ko ya kafa tsani mai tsawon da ba a saba gani ba, ko kuwa ya zauna ya jira yunwa ta yi masa aiki. Ita ma yunwar an yi mata tanadi, domin garun bai matse gidaje ba. Ya haɗa da duwatsu da rijiyoyi da filaye, inda mutanen ƙauyuka za su shigo da dabbobinsu da hatsinsu idan aka buga kuge.

Wa ya yi aikin? A nan ne girman ikon Tanimun ya fi bayyana. Sarki ɗaya da bayin gidansa ba za su tara wannan tudun ƙasa ba ko da sun shekara ashirin. Sai da aka kira talakawan ƙasa da mutanen garuruwan da ke bi, aka haɗa da bayi masu yawa, kowane rukuni da yankin da aka yanka masa da mai sarautar da zai tsaya a kansa. Wanda ya iya tara dubban mutane su bar gidajensu su zo su taka ƙasa wata da watanni, ya ciyar da su, ya hana su watsewa, to ya riga ya nuna wa maƙwabta cewa zai iya tara su ranar yaƙi. Kuma ba a gama aikin garu. Kowace damina sai ta zaizaye shi, ta buɗe tsaga, ta kwashe yaɓe, saboda haka kowace kaka sai an sake kiran gayya a toshe, a yaɓe. Garun ƙasa kamar doki yake, kullum yana bukatar mai kula da shi.

Akwai labarin da ake bayarwa a gari tun kaka da kakanni game da kafin da aka yi wa garun. A al'adar wancan zamani ba a gina ganuwa sai an kafe ta, wato an binne wani abin tsari a gindinta ko a bakin ƙofofinta. Ana cewa malamai sun ba Tanimun shawara aka sa Alƙur'anai da layu a cikin ginin. Wata ruwayar kuma, mai sa tsigar jiki tashi, tana cewa har ƴan mata aka gine da rai a ciki. Irin wannan labari ana jin sa game da ganuwowi da dama a ƙasashen Sudan, kuma ko ba komai yana nuna irin kwarjinin da garun da mai garun suke da shi a zukatan mutane, har suka ɗauka cewa abu mai girma haka ba zai tsaya da ƙasa da ruwa kaɗai ba.

Ƙofofin nan 7 su ne maƙogwaron gari. Kowace tana da ƙyaure mai nauyi da masu tsaronta, ana rufewa in dare ya yi, a buɗe da asuba. Ta nan ake sanin wanda ya shigo da abin da ya ɗauko, ta nan kuma ake karɓar abin da ya kamaci sarki. Ayarin arewa, na Abzinawa da Larabawan Gat da Gadamus da Tarabulus, ba a cikin Birni suke sauke kaya ba. Masaukinsu Zongo ne, arewa da garu, inda raƙuma ke da sarari. Wannan tsari ya yi wa kowa daidai. Baƙo yana cinikinsa a sake, sarki kuma yana kwana da sanin cewa ɗaruruwan baƙi masu takubba suna bayan ƙyaure. Rabuwar Birni da Zongo da ake gani a Zinder har yau daga nan ta samo tushe. A tsakiyar Birni kuma fadar da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19 take, wadda sarakunan Damagaram ke zaune a cikinta har yanzu.

Bindiga da igwa

Garu kaɗai yana hana a ci gari, amma ba ya cin garin wani. Tanimun ya san haka, shi ya sa ya mai da hankali ga makamin da sarakunan zamaninsa da yawa suke yi wa kallon abin ado. A ƙasar Hausa ta lokacin, darajar mayaƙi a kan doki take, da lifidi da sulke da mashi. Bindiga aikin bawa ce. Tanimun bai yi jayayya da wannan ra'ayi ba, sai ya yi amfani da shi: ya sayi bindigogi masu yawa daga fataken Tarabulus, ya danƙa su a hannun bayinsa, ya kafa rundunar ƴan bindiga wadda ba ta da wani ubangida sai shi. Marubutan tarihi sun ambaci bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40 a zamaninsa. Ko da an rage wani abu daga wannan lissafi, babu wata fada tsakanin Sakkwato da Kukawa da ta tara kwatankwacinsa a lokacin.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ba sayowa kaɗai ake yi ba. A cikin Zinder ake haɗa albarushi, da gawayi da gishirin da ake tacewa daga ƙasa da farar wutar da ayari ke kawowa. A cikin Zinder maƙera ke zuba harsashi, a nan kuma aka narka tagulla aka zuba igwa. Gaskiya ne igwogin nan ba su kai na Turai inganci ba, kuma sau da yawa rugugin da suke yi ya fi ɓarnar da suke yi. Amma a filin da dawaki ba su taɓa jin irin wannan tsawa ba, rugugin ma makami ne. Garin da ya ga an jawo igwa an kafa a bakin ƙofarsa, sau da yawa ba ya jiran a harba ta biyu.

Duk wannan kuɗi yake ci, kuɗin kuma daga ciniki yake fitowa. Tanimun ya jawo fatake da masu sana'a, ya kyautata zama da Abzinawan Kel Owi masu riƙe da hanyar Agadas, shi kansa kuma ya shiga fatauci, ana fita da ayari da sunansa. Gashin jimina da jemammun fatu da hauren giwa suna tafiya arewa, tufafi da takarda da makamai suna saukowa. Ba za a ɓoye ba, bayi ma suna cikin manyan hajojin wannan ciniki, kuma yawancinsu daga yaƙe-yaƙen sarki suke fitowa. Ƙauyukan da aka kwashe mutanensu sun biya wani kaso na kuɗin bindigogin nan da na garun nan, kuma zuriyarsu na cikin jama'ar ƙasar a yau.

A cikin fada ma ya yi gyara irin wanda ya yi a runduna. Ya ɗaukaka bayin sarki da bābānni, ya ba su manyan muƙamai da amanar taska da makamai, don ya rage dogaro ga ƴaƴan sarki da dangi, waɗanda ya riga ya ɗanɗana abin da kwaɗayin gado ke sa su yi.

Faɗaɗa ƙasa da zamansa da Kukawa

Da ya tabbata gida ya kafu, sai ya fuskanci waje. Ƙasashen Sosebaki, irin su Mirya da Dungas da Waca, suka shiga hannunsa sosai. Ikonsa ya kai Kance da yankunan da gidan sarautar Daura ya warwatsu a cikinsu. Ta gabas ya murƙushe Muniyo, ƙasar Gure mai kanwa da gishiri, wadda ita ma mai bin Barno ce kamar Damagaram. A 1872 rundunarsa ta afka wa Gumel, wata mai bin Barnon. Garuruwan da suka bi shi suka zama kamar zobe na biyu a kewayen Birni, domin maƙiyi ba ya isa gindin garu sai ya ratsa su, kafin nan kuwa labari ya riga ya kai fada.

A lura da waɗanda ya ci: da yawansu talakawan Shehu ne, ba abokan gabansa ba. Wannan kuwa raini ne a fili. Likitan nan Bajamushe, Gustav Nachtigal, wanda ya sauka Kukawa a 1870, ya tarar da fadar Shehu Umaru cike da maganar Tanimun da igwoginsa da abin da ya yi wa Muniyo. An yi fushi, an yi barazana, manzanni sun yi ta kai da kawowa. Amma abin da ya faru a zamanin Ibrahim bai sake faruwa ba. Har Tanimun ya bar duniya rundunar Barno ba ta ƙara shiga Zinder da ƙarfi ta tube sarki ba.

Shi kuma, abin sha'awa, bai taɓa yanke igiyar gaba ɗaya ba. In ya ga hadari ya haɗu sai ya aika gaisuwa da kyauta mai tsoka, Shehu ya karɓa, kowa ya tsira da mutuncinsa. A suna Damagaram tana bin Barno, a aikace kuwa Sarkin Damagaram ke yanka ya gyara a ƙasarsa. Wasu na ganin wannan a matsayin wayo, wasu na ganin sanin iyakar ƙarfi ne. Ko wanne ne, ya ba ƙasar shekara talatin ba tare da baƙuwar runduna ta taka babban birninta ba, abin da mahaifinsa da wansa ba su samu ba.

Rasuwarsa da abin da ya sami garun

Sarki Tanimun ya rasu a 1884, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Kamar yadda aka saba, ƴaƴansa suka yi jayayya a kan gado, sarauta ta tabbata a hannun Sulaimana ɗan A'isa har 1893, sannan ta koma ga wani ɗan nasa, Amadu Kuran Daga. A shekarar da Kuran Daga ya hau ne Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa, sai igiyar da Tanimun ya bari ta tsinke da kanta. Da rundunar da uban ya gina ne ɗan ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano.

Sai dai maƙiyin da ya zo daga ƙarshe ba irin wanda aka gina garun dominsa ba ne. A watan Mayu 1898 aka kashe hafsan Faransa Cazemajou da tafintansa a Zinder. Bayan shekara guda rundunar Nasara ta iso daga yamma, ragowar ayarin nan na Voulet da Chanoine da ya bar kufai da gawarwaki a hanyarsa. Kuran Daga bai tsaya a bayan garu ba. Ya fita ya tare su a Tirmini, yamma da birni, a ƙarshen Yuli 1899, kuma a nan bindigogi masu saurin ɗuri suka karya dawakin Damagaram da ƴan bindigarta cikin ɗan lokaci. Nasara suka shiga Birni ba tare da sun fasa ko tubali ɗaya ba. Sarki ya fita gari, aka bi sawunsa aka kashe shi a watan Satumba na wannan shekara. Masana na iya yin muhawara a kan ko da ya rufe ƙofofi ya zauna ciki da labari ya sauya, amma abin da ya sami ganuwar Kano a 1903, lokacin da igwar Ingilishi ta buɗe hanya cikin yini guda, bai bar wa wannan zato wuri mai faɗi ba.

Abin da ya ci garun Tanimun ba igwa ba ce. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tube shi suka kai shi gudun dole ƙasar Kodebuwa, suka bar riƙon gari a hannun Ballama, ɗaya daga cikin bayin fada. Ba a mai da sarauta ga gidanta ba sai a 1923, da naɗin Barma Mustafa. A tsakanin nan babu mai ikon kiran gayyar yaɓe, kuma sababbin masu mulki ba su da wata bukata ga ganuwar da ba su suke bayanta ba. Aka fasa wasu wurare, damina ta yi ta cin sauran shekara bayan shekara, masu gini kuma suka riƙa ɗibar ƙasar da aka riga aka tara musu a ƙofar gida. Zinder ta zama babban birnin mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mai da shi Yamai, gari ya yi ta faɗaɗa ta bayan inda garu ya tsaya.

Sunan mai garun dai bai bi garun ba. Masanin tarihi André Salifou, ɗan Zinder, ya wallafa littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai ɗauke da sunan Tanimun. A 2006 hukumomin Nijar suka sa unguwar Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da suke neman hukumar UNESCO ta lissafa a kayan tarihin duniya. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse tsakanin Birni da Zongo, don su riƙa hangen cikin garu daga sama, sun sa masa sunan Cazemajou. Bayan samun mulkin kai aka sauya masa suna, yanzu da sunan Tanimun ake kiransa.